Kamu Huɗu na Muryar Hambali

A shekarar da aka buɗe wa jam'iyyu ƙofa, kowace bishiya a Gazawa sai da ta sami tuta. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a akushi ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa, don kawai hular wannan ta bambanta da ta wancan. Wuri ɗaya ya rage inda za ka ga duk hulunan a kan benci guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, shi ne gidan bidiyon Labo da ke bayan tasha. Rumfa ce ta zana da aka lulluɓe da buhuna don ta yi duhu, da tele, wato talabijin, a kan ganga, da injin wuta yana tari a waje. Jikin rumfar ta gabas ya jingina da katangar gidan Lantana.

Fim ɗaya ne ya tara su. Labo ya sha kawo na Indiya da na 'yan kareti, a kalla a watse, amma wannan da ya shigo da shi daga Jibiya ya zauna daram. Wani Bature ne siriri mai gyaran agogo, wanda ko akuya ba za ta kauce masa a hanya ba. Da ya zura hannu cikin wata safa ta ƙarfe sai ya tashi sama, ya tare jirgin ƙasa da ƙirji, ya ɗaga gada kamar faifai. Ranar kasuwa har daga Cadawa ake zuwa a amalanke don a gan shi. Akwai waɗanda suka kalla sau talatin, kuma duk sanda jirgin ya taho sai sun ƙanƙame benci. Ba laifinsu ba ne. An shekara ana cika musu kunne da taro da jawabi, sai ga mutumin da ba ya kiran taro, ba ya neman ƙuri'a, da an yi kuka sai ya sauko.

Sai dai rabin fim ɗin Hambali ne, mijin Lantana. Shi ne mai fassara. Yakan zauna gefen tele da abin magana a hannu, muryarsa na fita ta lasifikar da aka rataye a darbejiya don jawo masu wucewa. Turawan cikin fim Faransanci suke yi, shi kuwa Hambali aji biyu ya yi a lakol, makarantar boko, aka sallame shi saboda barci, don haka abin da ya ga dama shi yake sa musu a baki. Shi ya raɗa wa jarumin suna Sanda. Ya ba shi uwa da unguwa, ya ɗora wa mugun fim ɗin ciwon basir, ya sa jandarman Turawa suna rantsuwa da kabarin kakansu. Ba wanda ya taɓa tuhumarsa da ƙarya, don kowa ya fi son tasa.

Kafin babban faɗan ƙarshe akwai wani wuri da Sanda yake hawa kan soro ya zauna shi kaɗai, baki a rufe, yana kallon fitilun gari. Kusan minti guda ba a komai. Nan 'yan kallo ke fita kama ruwa, wasu su sayi gyaɗa, wasu su ɗora musun siyasa daga inda aka tsaya. Nan kuma Hambali ke sassauta murya ya ce Sanda yana tunanin gida, daga nan sai ya yi magana da matarsa ta kan katanga, da yake reshen da lasifikar take a kai ya leƙo tsakar gidansu. Yau Sanda ya ce a yi miyar kuka, gobe ya ce ya ga zanen nan a wurin mai koli kuma bai manta ba, wata rana ya ce a yi haƙuri da maganar safe. Lantana ba ta taɓa nuna ta ji ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai dai ya shigo ya tarar da miyar kuka.

Ana cikin girbin gero labari ya zo cewa kashi na biyu na fim ɗin ya iso Katsina. Hambali za a aika, don shi ya san mai kyau daga wanda ruwa ya cinye. Don kada rumfa ta yi kwana biyu ba murya, Labo ya ajiye rediyonsa mai cin kaset kusa da bakin Hambali a kallon la'asar, ya ɗauke fassarar tun daga farko har ƙarshe. Washegari Hambali ya shiga mota. Ba su yi nisa da ƙetare iyaka ba taya ta fashe, motar ta yi ta juyawa. Kafin azahar an dawo da shi a lulluɓe da bargon wani.

Lantana ba ta yi kuka ba. Mata suka cika gida suna yi, ita tana zaune tana kallon ƙafafunsu, tana lura da wadda ta sa lalle da wadda ba ta sa ba. Aka ce dauriya ce, aka yaba. Ba dauriya ba ce, ita dai ba ta jin komai, ko yunwa sai an tuna mata. Aka tsefe mata kai, aka cire mata 'yan kunne, ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba ɗaga murya, ba zama gaban namiji. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Delu, ta taho daga Cadawa da ƙunshin kayanta don ta zauna da ita. Tsohuwa ce mai goro a kunci da magana a baki, amma ta san lokacin da ake yin shiru.

Bayan sadakar bakwai Labo ya buɗe rumfa da sabon mai fassara, Buba, malamin lakol da yajin aiki ya zaunar. Shi Buba yana jin Faransanci sarai, kuma wannan ne ya kashe shi. Ya gaya wa jama'a ainihin sunan jarumin, ba wanda ya iya maimaitawa. Ya bayyana musu cewa rigimar duk a kan takardun wani kamfani ce. Kafin jirgi ya taho an tashi an bar shi da benci. Kwana uku aka yi haka, rana ta huɗu Labo ya zo ƙofar gida ya tsaya, ya roƙi Gwaggo ta tambayi Lantana ko za ta yarda a sa kaset ɗin marigayi. Ya ce ya san abin da nauyi, in ta ce a'a ya bari har abada, in kuma ta yarda, ranar da ta fita takaba kaset ɗin nata ne. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce wane irin mutum ne zai sa mamaci yana ihu a kan bishiya. Lantana daga bayan asabari ta ce to.

Da azahar ta wuce sai ga Hambali a lasifika. Ya yi gyaran muryar nan tasa, ya yi wa jama'a sallama, ya tsokani mai gyaɗa. Gwaggo ta saki muciya tana salati. Lantana tana zaune bakin ɗaki da ƙwaryar fura a gabanta, tana jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, bai motsa ba. Ta saurara har jirgi ya wuce, har gada ta karye, har hayaniyar rumfa ta lafa aka fara fita sayen gyaɗa. Sai muryar ta sauko ƙasa-ƙasa, ta kan katanga.

"Sanda na tunanin gida. Shina cewa, uwar ɗaki, kar a dama hura sai na zo. In an dama ba ni nan ba ta daɗi. Ga ni nan tahe."

Ta tuna ranar. Ta tuna ta bar furar a dunƙule har ya shigo, ya sha ya goge baki. Ta dubi ƙwaryar da ke gabanta, ta janye hannunta daga ludayi.

Daga ranar rumfa ta koma cika fiye da da. Har waɗanda ba su damu da Sanda ba suka riƙa zuwa jin mamaci yana fassara. An gama girbi, hannu ya sake, ga motocin jam'iyyu suna ta zubo baƙi a gari, kuma duk wanda ya sauka a tasha sai an ja shi wurin Labo. Kallo biyu a rana, bayan azahar da bayan la'asar, ranar kasuwa uku. Labo ya ƙara benci, ya ture zana baya har sai da mai shayi ya yi ƙorafi. Yakan danna bidiyo da hannun dama, rediyo da na hagu, a lokaci ɗaya, in an gama ya mayar da kaset baya da biron bik don kada pil, wato batir, ya ƙare.

Ita kuwa Lantana ranarta ta sami tsakiya. Safiya ba ta da fuska, yamma ma haka, amma akwai wannan minti guda. Ba daɗi take ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Tana dai barin abin da take yi ta zauna bakin ɗaki, a gaya mata kar a dama fura, ta ɗan jira kamar yadda mutum zai zagayo daga rumfa zuwa ƙofar gida, sannan ta dama ta sha ludayi biyu. Sauran fim ɗin bai dame ta ba. Ba ta taɓa ganin Sanda ba, ba ta kuma marmarin ganinsa. Abin da take lissafi kawai shi ne kwanakin da suka rage kafin a miƙo mata kaset ɗin ta sa a ƙasan akwati, inda ba mai ƙara murza shi.

Ita ta fara jin muryar tana sauyawa, tun kafin Labo ya lura. A wata na uku ta yi nauyi, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. A na huɗu ta fara ja. Kaset ba a yi shi don a murza shi sau biyu kullum ba, zarensa ya miƙe, magana ta riƙa zuwa a makare. Labo ya sa sabon pil, ya goge cikin rediyo da turare, har kwana ya sa kaset ɗin ya yi a cikin kular mai ƙanƙara don wani direba ya ce haka ake yi. Ya ce zai kai shi Maraɗi a kwafe a wani sabo, amma sai bayan zaɓe, don yanzu ba ranar da zai iya rufe rumfa. Gaskiyar ita ce tun rasuwar abokinsa ko motar garin Agye da ke nan kusa bai ƙara shiga ba, kuma ba ya iya ba wani kaset ɗin ya tafi da shi. Kafin nan abin ya kai Sanda ya riga ya jefar da mugu daga kan bene, Hambali yana nan yana cewa ga shi nan zai kama shi. 'Yan kallo suka fara dariya, daga dariya aka koma jifan zana da ɓawon gyaɗa.

Saura kwana goma sha ɗaya ta fita, Labo ya sake zuwa da hantsi. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula, Gwaggo ta zauna a turmi tsakaninsu, Lantana tana bayan asabari.

"Gwaggo, a gaya mata kaset ya ja, magana ta koma bayan hoto," in ji shi. "Madannin tura kaset gaba ya daɗe da mutuwa. Dabara ɗaya ta rage mani, in yanke kaɗan in haɗe da jan farce, sai maganar ta cim ma hoton kafin faɗan ƙarshe."

Gwaggo ta juya ta maimaita, ko da yake ba abin da asabari ya tare.

"Ba wurin faɗa zan taɓa ba, Allah ya kiyaye," Labo ya ƙara. "Akwai inda ba a komi, wurin da Sanda ke zaune bisa soro. Ko shi marigayi surutu kawai yake yi nan don kar a yi shiru. Kamu huɗu ya isa. Amma kayanta ne, shi ya sa na ce sai na tambaya."

Lantana ta ji sarai, ta kuma gane sarai. Maganar da za ta faɗa gajeriya ce, a yanke wani wuri, a bar wannan. Amma Labo zai ce me ya sa, don ba wani wurin da ba a komai sai nan. Ke nan sai ta buɗe baki gaban ƙanwar ubanta da abokin mijinta ta ce mijin nata da ita yake magana ta lasifikar gari, kan fura, kuma ita mai takaba kullum zaman jiran wannan take yi. Mace da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, da ya mutu ma ba ta yi kuka ba, ita ce za ta faɗi wannan? Ta nemi ƙarfin da za ta ture kunyar da shi, ta tarar ba komai a wurin. Ko tsoron rasa abin ba ta ji ba a lokacin, sai ta ga kamar wata ce ake tambaya. Gwaggo ta leƙo.

"Yadda kuka gani," in ji Lantana.

Labo ya yi godiya, ya yi wa marigayi addu'a, ya ce in sha Allah zai miƙo mata kaset ɗinta lafiyayye. Ya tafi da sauri don ya gama kafin azahar.

Ta yi wanke-wanke. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Sau ɗaya ta je har jikin katanga ta tsaya, tana jin motsin Labo a rumfa yana neman reza, ta kuma dawo ta zauna. Da aka sauko daga masallaci injin ya tashi, Hambali ya yi gyaran murya ya yi sallama. Ta ɗauko ƙwaryar fura ta ajiye a gabanta. Jirgi ya taho ya wuce, gada ta karye, hayaniya ta lafa. Ya ce, "Sanda na," sai wani ɗan ƙas, sai ga shi yana ihu cewa mugu ya fito da bindiga. Rumfa ta ɗauki sowa, don rabon da naushi da magana su sauka tare an yi wata guda.

Lantana ta ci gaba da zama. An gama kallo, an watse, injin ya mutu, tana nan, furar tana dunƙule a ƙwarya, ƙuda na yawo a kai. Gwaggo Delu ta dube ta, ta dubi ƙwaryar, ta ɗaga kai ta dubi lasifikar da ke kan reshe. Wata huɗu tana ganin yarinyar nan tana jinkirin damu ba ta taɓa haɗa abin ba sai yau. Ta tofar da goro.

"Ɗiyar nan, me ya hana ki hwaɗi?"

Gwaggo ta ja mayafi ta fita, ba a aike ta ba.

Ta daɗe. Sai da aka yi kiran la'asar ta dawo, ƙafafunta duk laka, tana haki. Ta ce ta tambayi Labo abin da ya yanke, ba ta gaya masa dalili ba, ta ce dai kayan mamaci ba a yar da shi. Labo ya ce ai Tanimu mai lambu yana nan lokacin da ake yankan, ya roƙa aka ba shi, don zaren kaset yana walƙiya, tsuntsaye na tsoronsa. Ta bi shi har bakin rijiya. Ta tarar ya riga ya gutsuttsura shi ya ɗaɗɗaura a karan dawa, ya kakkafa a kan fangalin ganyen salati, iska na kaɗa su. Ta kwance ɗaya da Tanimu ya juya baya.

Ta buɗe tafin hannu. Ɗan zare ne baƙi, tsawon yatsa, ya murɗe a inda aka ƙulla shi. Lantana ta karɓa ta ɗora a kan gwiwa, ta miƙe shi da farce, ya sake nannaɗewa.

"Wace kalma ce a nan, Gwaggo?"

"Wa ya sani, ɗiyar nan."

Injin ya sake tashi don kallon la'asar. Lantana ta rufe ido ta faɗi maganar a zuci, tun daga tunanin gida har ga ni nan tafe. Ba kalmar da ta ɓace, ai ta ji ta ya fi sau ɗari biyu. Amma da muryarta ta zo. Ta sake, a hankali, tana neman inda yake ɗan jan numfashi kafin ya ce uwar ɗaki, muryarta ce dai. Ga shi can a kan reshe yana zagin mugu, yana kirari, yana tsokanar mai gyaɗa, amma wannan muryar ta jama'a ce, ƙasa-ƙasan nan da yake yi mata ta kasa tuno yadda take. Sai a lokacin tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shigo da shi cikin bargo. Gwaggo ta matso ta zauna kusa da ita, ba ta taɓa ta ba.

Haka suka zauna har aka kai ƙarshe. Sowar da aka yi ta fi ta azahar, har da masu buga benci. Da jama'a suka fara fita, Labo ya zo jikin katanga ta wajensa, muryarsa cike da murna.

"Gwaggo! A gaya mata ya gyaru. Kamar sabo, wallahi, ba wanda ya ma gane an taɓa."

Gwaggo Delu ta dubi Lantana. Labo yana can yana jiran amsa. Lantana ta dunƙule zaren a hannu, ta ɗaga murya daidai yadda aka yarda mai takaba ta ɗaga.

"An gode, Malam Labo," in ji ta. "Allah ya saka."